Ranar da Na Kori Ayun Malam

Shin ya gan shi, ko bai gan shi ba? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi tun ranar da aka kai mijina Malam makwancinsa, kuma wanda ya san amsar ya tafi da abarsa. Ko da tsufa zai ƙwace mini komai, har sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya tsamo-tsamo cikin taɓon tekun Larabawa ba, rigar ceto ta haura mini har kunne, takalmi ɗaya a ƙafa, jama'a na kallona kamar akuyar da ta shiga masallaci.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Rakiya ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda yake, in kuka ya tare ni ta jira.

Malam mutumin Yawuri ne, Basarke, ɗan masunta jikan masunta. Ni kuwa 'yar Damagaram ce, inda ruwa ke zuwa a guga. Busasshen kifi ya kawo kasuwarmu, ya sayar da kifin, ya koma gida da ni. Daga baya neman abinci ya jawo shi Riyad, ya samu kafili mai tsaya masa, ya samu iƙama, wato takardar zama, ya aika aka kawo ni, muka zauna a unguwar Manfuha har gashinmu ya yi fari. Aikin da Allah ya ba shi shi ne tuƙin wayit, tankar nan da ke kai wa masu gini ruwa. Yakan ce, "Kin ga ikon Allah? Ubana ruwa ke ɗaukarsa, ni kuma ni ke ɗaukar ruwa."

Ran Juma'a bayan la'asar mazan unguwa na shan shayi a ƙofar baƙala, kantin unguwarmu, shi kuwa sai ya ce in ɗauko tabarma mu nufi kudancin gari, inda ruwan kwari ke taruwa cikin ciyayi. Ruwan da mutanen Riyad suka yi wanka da shi ne aka tace aka saki, ni har warinsa nakan ji. Amma shi sai ya tsuguna a baki yana nuna mini tsuntsaye kamar danginsa ne suka zo gaisuwa. "Ga zalɓe can. Ga balbela. Waccan in ba kirinjijiya ba ce, to ƙanwarta ce." Ni ina zaune ina korar sauro ina cewa, "Uhm, lallai."

A nan yakan ɗauko labarin ayu. Ga wanda bai sani ba, ayu dabbar ruwa ce mai girman saniya, ba ƙafa, ba ƙaho, ciyawa kawai yake ci, macensa kuma takan ba ɗanta nono kamar mutum. Baban Malam yana cikin masu farautarsa a kogin Kwara. Malam yana yaro ya taɓa ganin ayu sau ɗaya, amma matacce, an jawo shi kan yashi ana fiɗa, manya na kokawar kitse. Ya ce idanunsa ƙanana ne, kuma da ruwa a cikinsu kamar ya yi kuka kafin ya mutu. Tun daga ranar yake son ya ga mai rai, bai samu ba har ya bar gida.

Kuma duk sanda ya ba da labarin nan sai ya faɗi dokar masu jiran ayu. Mai jiran ayu ba ya magana, ba ya tari, ba ya amsa kira ko da uwarsa ce ke kiransa. Yakan ajiye filafili, ya kifa kansa dab da ruwa, ya zama kamar gungume, domin ayu kunne gare shi. Na ji wannan magana har na san inda Malam ke tsayawa ya haɗiyi yawu. Ashe da kunne ɗaya nake ji, ɗayan yana wurin tukunya.

Akwai abu na biyu da ya kamata a sani game da ni. Tun ranar da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗin sunan Malam ba. Haka aka rene mu. Ko a asibiti aka tambaye ni sunan miji, iƙama nake miƙawa in kau da kai. Ɗan maƙwabciyarmu da ya ci sunansa, har ya yi gemu "Mai sunan Malam" nake kiransa. Ba a nan na tsaya ba. Ni ce mai yi wa amaren Manfuha faɗa. In na ji yarinya ta ɗaga waya tana kiran sunan mijinta gatsal kamar ƙanenta, sai in ce, "Ke, yaushe kika raɗa masa suna? Kunya fa ba a baƙala ake sayenta ba." (Rakiya ma ta sha wannan faɗa, ita da "habibi" ɗinta. Rubuta, kar ki tsallake.)

Ciwon hanta ne ya kama Malam. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, mutumin da ke hawa wayit da tsalle ya koma sai an riƙe shi zuwa banɗaki. Wata rana likita ya ja mijin Rakiya gefe, suka daɗe suna Turanci. Da yaron ya fito bai kalle ni ba, na gane. Ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Baba, akwai abin da kake so a yi maka? Umara, ko a kai ka gida ka ga dangi?"

Malam ya ce Umara ya yi ta, ya gode wa Allah, Yawuri kuma jikin nan ba zai kai shi ba. Sannan ya ce, "Ina so in ga ayu da rai."

Na ce, "Malam, a Riyad? Garin da ko kwaɗo sai an yi masa biza?"

Surukin nan nawa tuƙin motar haya yake yi, kuma duk abin da ke cikin waya ya san lungunsa. Bayan kwanaki ya zo da hoto. Ya ce can gabar gabas, in an wuce Dammam, akwai masu ɗaukar baƙi cikin ƙananan kwalekwale suna kai su kallon tsuntsaye, kuma a ruwan akwai wata dabba da Larabawa ke ce wa saniyar teku. Malam ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wutsiyar wannan ta kifi ce, namu tasa kamar faifai take. Amma fuskar ita ce. Ɗan'uwansa ne." Masu kwalekwalen sun ce ba su yi alkawari ba, dabba ce mai gudun mutane, wasu kan je sau da yawa ba su dace ba. Likita kuma ya ce in za a je a je yanzu, kuma kada a sa ran komawa. Dukanmu mun san tafiya ɗaya ce ta rage a jikin Malam.

Lokacin sanyi ne. Muka kama hanya a motar surukina, Rakiya da tsohon ciki a gaba, ni da Malam a baya, kansa a kafaɗata. Yashi, raƙuma, yashi. Ya yi ta barci, amma tun ba mu hango komai ba ya buɗe ido ya ja numfashi ya ce, "Mun kusa." Ni warin fetur kawai nake ji.

Da safe muka iske mutane a bakin ruwa. Akwai Turawa masu kyamarori dogaye kamar taɓarya, akwai 'yan Filifin, akwai wani Ba'indiye da matarsa. Mai jagorancinmu wata yarinya ce Balarabiya mai suna Rim, ta ɗora hular rana a kan ɗankwali. Kwalekwalen kuwa, kayak suke ce masa, na roba ne, siriri, ja da rawaya, kamar kwasfar gyaɗa. Malam ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya ce, "Wannan ai akushi ne." Da suka ga yanayinsa suka ce sai dai wani ya tuƙa shi. Bai yi musu ba. Ya karɓi filafilin, ya jinjina shi, ya juya shi a hannu sau ɗaya. Rim ta dube shi, ta dubi abokin aikinta, ta ce a ba shi nasa shi kaɗai, surukina ya bi bayansa.

Ni an shirya in zauna a gaɓa tare da Rakiya. Na ce ina, inda za a kai shi can za a kai ni. (Da na zauna ina cin dabino, da yau ba a rubuta wannan.) Aka ɗaura mini rigar ceto a kan abaya, na zama kamar buhun auduga. Shigata kwalekwalen ma sai da aka yi taron dangi, wannan ya riƙe goshi, wancan ya riƙe gindi, ni ina kiran sunayen Allah. Aka sa ni gaba, Rim a bayana. Kafin a tashi ta yi wa jama'a dogon bayani da Turanci, ta sake da Larabci. Larabcina na kasuwa ne, nawa, ya yi tsada, rage, halas. Sai na yi ta gyaɗa kai ina "aiwa, aiwa," don kada a ce tsohuwa ba ta gane ba.

Muka shiga wani lungun ruwa tsakanin itatuwan da ke tsiro cikin gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsun masu roƙo. Gaskiya wurin da kyau, ko da yake rabin kallon ta tsakanin yatsuna na yi shi. Ƙaguwa na gudu a taɓo. Wata kififiya ta leƙo ta koma. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, irin na kwarinmu na Riyad amma wannan ya fi ƙoshi. Can nesa wasu tsuntsaye dogaye sun yi sahu, launinsu kamar cikin gwaiba, kawunansu a ruwa. Duk kaɗawar kwalekwale sai na ce Innalillahi, Rim na cewa, "Shuwayya shuwayya, ya Hajja."

Amma ba tsuntsayen ne suka sa ni hawaye ba. Malam ne. Bayansa ya miƙe. Filafilinsa na shiga ruwa yana fita ba ƙara, ba ɗigo, kwalekwalen na tafiya kamar ana jansa da zare. Turawan nan na fasa ruwa fal-fal, shi ya wuce su a hankali ba tare da ya waiwaya ba. Rabon da in ga mutumin nan haka tun ranar da ya sauke kwandon kifi a kasuwarmu. Na ce a raina, ashe duk shekarun nan aron mutum aka ba Riyad.

Lungun ya buɗe, muka fito wani faffaɗan ruwa mai kwanciya, garau, ana hango ciyawa a ƙasa. Rim ta ɗaga hannu, kowa ya ajiye filafili. Muka zauna shiru. Muka daɗe, har ƙafafuna suka mutu. Malam ya bar ruwa ya ja shi gaba kaɗan, ya rabu da mu, ya kai inda launin ruwan ya yi duhu.

Sai na ga ya ɗora filafilin a cinya. Na ga ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, har hularsa ta kusa taɓa ruwa. Hannunsa ɗaya ya saki yana reto a gefen kwalekwalen. Daga nan bai sake motsi ba.

Likita ya taɓa gaya wa surukina cewa abin zai iya zuwa farat ɗaya, kuma na ji. Wannan maganar ce ta faɗo mini. Dokar masu jiran ayu, wadda na ji har kunnena ya tsufa da ita, ko inuwarta ba ta gifta mini ba.

Na ce a hankali, "Malam."

Shiru.

"Malam! Alhaji!"

Rim ta dafa kafaɗata ta raɗa mini, "Uskuti, ya Hajja," wai in yi shiru. Na ture hannunta.

"Baban Rakiya!"

Ko gezau. Na juya wajen surukina, na ga ya rufe bakinsa da hannu yana zaro mini ido. Shi cewa yake in yi shiru. Ni kuwa na ɗauka ya ga abin da na gani ne, kuka yake toshewa.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Cikin kwasfar gyaɗa, a kan teku, ni da ko kujerar tsugunno sai na dafa bango nake tashi daga kanta. Na miƙe, na buɗe baki, na kira sunansa. Ba Malam ba, ba Alhaji ba. Sunansa na yanka, har da na ubansa, kamar yadda liman ya faɗa ranar ɗaurin aure. (Kar ki dube ni, ba zan faɗa ba. Kin san shi, kuma ban yarda ki rubuta ba.) Ban san ina da irin wannan murya ba. Na tabbata masu kamun kifi a Bahrain sun waiwayo.

Tsuntsayen nan masu launin gwaiba suka tashi gaba ɗaya, sama ta cika da kuka da fukafukai. Kwalekwalen ya ce bai san zance ba, ya kife. Ni da 'yar mutane muka faɗa ruwa. Na sha gishiri, na yi kalmar shahada, na yi ta dukan ruwa ina ihu, "Na mutu! Ku kama ni! Na mutu!" Sai da Rim ta cafki wuyan rigar ceto ta ɗaga ni tsaye, sannan na gane ruwan iyakarsa cinyata. A kan tudun yashi muke.

Ina tsaye ina tari na hango gaban kwalekwalen Malam. Ruwa ya yi wata babbar murɗawa, taɓo ya taso daga ƙasa kamar hayaƙi, wani layi ya ja ya nufi teku, ya ɓace. Wata Baturiya ta sauke kyamararta ta faɗi wata kalma. Ba na jin Turanci, amma na san ba addu'a ta yi mini ba.

Malam ya ɗago kansa a hankali. Ya dubi inda ruwan ya murɗa, ya daɗe yana duba. Sannan ya juyo ya dube ni. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, na san fuskarsa ta fushi, na san ta yunwa, amma wannan ban san ta ba. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Na'am, Hajiya. Ga ni."

Surukina ya ɗaga kai yana kallon sama kamar an aike shi ƙirga gajimare. Da ƙasa na buɗewa a ƙarƙashin teku, da na shige.

Ba a nan wulaƙancin ya ƙare ba. Mayafina ya bi ruwa, takalmi ɗaya taɓo ya haɗiye, abaya ta manne mini a jiki. Komawa cikin kwalekwalen ya gagara. Rim ta tura, na zame. Ba'indiyen ya miƙo filafili, na kusa jawo shi. Ƙarshe surukina, wanda ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, shi ya sauko ya ɗauke ni kamar buhun gero ya jibga a ciki, yana ta cewa, "Yi haƙuri, Mama, yi haƙuri, Mama," idonsa a rufe.

Aka sake jira don Malam. Ruwa ya kwanta, tsuntsaye suka dawo wasu-wasu, amma ayu bai dawo ba. Ruwa ya fara janyewa, Malam ya fara rawar sanyi, bayansa ya koma yadda ya zo. Rim ta ce dole a juya. A komowa surukina ne ya ɗaura igiya ya jawo shi.

Tun a gaɓa na fara bincike a ɓoye. Na sa Rakiya ta tambayi Rim ko tsohon ya ga dabbar. Ta ce ita hankalinta na kaina. Surukina ya ce ya ga kamar wata inuwa tana tahowa daga nesa, amma ba zai rantse ta iso ba. Baturiyar ta nuna abin da ta ɗauka, ba komai sai tsuntsaye na tashi da wata tsohuwa tana faɗuwa. Mutum ɗaya ne a duniya kansa ke dab da ruwan.

A mota na daure har muka fara hango dogayen benayen Riyad. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce, "Wa?"

"Don Allah kar ka yi mini haka."

Idonsa a rufe ya ce, ba ma a hankali ba, "Sake kirana yadda kika kira ni ɗazu, sai in gaya miki." Rakiya ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Na ja tawul ɗin da aka ba ni na lulluɓe kai.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Manfuha. (Kar ki sunkuyar da kai, na san ke ce.) Hajiya Indo, maƙwabciyata 'yar Maraɗi, ta shigo duba Malam, ta gaishe shi da ladabi, ta biyo ni kicin ta ce, "Ashe dai kin san sunan? Mu da muka ɗauka ba a taɓa gaya miki ba." Wata amarya da na taɓa sa ta kuka da faɗa ta tare ni a matakala, ta rusuna har ƙasa, ta ce, "Mama, sannu da ruwa. An ce har kifayen Dammam sun haddace." Na wuce abina. Wanda ya daɗe yana shuka barkono ba ya kukan yaji.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana cikin ɗaki. Malam na ƙara narkewa kullum, kuma kullum sai na tambaye shi. In ina shafa masa mai a ƙafa in tambaya, in ina ba shi kunu in tambaya. Amsar ɗaya ce.

"Malam, don girman Allah."

"Wane Malam? Malamai sun yi yawa a Riyad."

"Kai dai ka san da kai nake."

"Ban sani ba. Ranar nan kam na sani."

Wani lokaci in ce a raina ya gan shi, shi ya sa yake da ƙarfin tsokana, mutumin da aka ƙwace wa burinsa na ƙarshe ba ya wasa. Wani lokaci in ce bai gan shi ba, ya ƙirƙiro wannan ciniki ne don ya san ba zan iya biya ba, kada ya faɗa mini abin da zai kashe ni. In wannan tunanin ya zo sai in shiga banɗaki in buɗe famfo in yi kuka. Mutum ya ɗauki ruwa a baya shekara da shekaru cikin hamada, ya roƙi abu ɗaya tak, matarsa ta kore shi da baki.

Na gwada, Allah shaida. Nakan tsaya a kicin ni kaɗai, in rufe ƙofa, in ce yau sai na faɗa ko ga tukunya ne. Harshe ya ɗauko harafin farko, maƙogwaro ya ƙi. Ashe tsoro ne ya buɗe bakin a ranar, da tsoro ya wuce kunya ta dawo ta sa kwaɗo. Kullum in ce gobe.

In akwai darasi a wannan shirme nawa, ga shi, ku amare da na addaba. In mijinku na ba da labarin da kuka gaji da ji, ku ba shi kunne biyu, tukunya ba za ta gudu ba. In kun ga Basarke ya kifa kai a kan ruwa, ku bar shi, aiki yake. Kuma abin da kika iya faɗa wa kifi da Turawa da surukinki, ki daure ki faɗa wa mai shi a ɗaki. Ni na adana kunyata kamar zanen lefe, ban taɓa yarda ta yi datti ba, ga ta nan a akwati, ba wanda ke tambayarta.

Rakiya ta haihu, aka kai wa Malam jaririn ya tofa masa addu'a. Ba a daɗe ba aka kwantar da shi a asibiti. Ranar ƙarshe da hantsi ɗakin ya cika, ga surukina, ga Rakiya da goyo, ga wasu dattawa biyu abokan tuƙin wayit sun zo dubiya suna ta labarin tsofaffin kafilai. Malam ya motsa yatsa, na matso, na kai kunnena bakinsa. Kallona kawai yake, gefen bakinsa na ɗan motsi irin na tsokana. Na san abin da yake jira. Na ce a raina yau kam ko duniya za ta taru sai na biya. Na ja numfashi, na buɗe baki. Sai ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya, na waiwaya, na ga idon surukina, na ga hular baƙi. Bakin ya rufe kansa.

Malam ya gani. Kafin baƙin su gama sallama barci ya ɗauke shi, kuma barcin ne ya wuce da shi, ana kiran la'asar aka ja masa mayafi. Amma kafin ya rufe ido ya matse yatsuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce:

"Ba komai, Hajiya. Bari su fita tukuna. Ai ina nan."